Sallama Kafin Hoto: Na'ura Marar Madubi da Amanar Ido a Damagaram

Kowace sana'a tana da ranar da kayan aikinta ke canja kama, kuma a irin wannan rana ake gane yadda masu ita suka ɗauke ta. Da keken ɗinki ya shigo ƙasar Hausa, maɗinkan hannu sun yi gardama. Da injin niƙa ya iso, an daɗe ana muhawara a kan ko garin inji ya kai na dutse daɗin tuwo. Yau abin ya zo kan masu ɗaukar hoto. Manyan kamfanonin da ke ƙera kyamara sun cire madubin da ke cikinta, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana zaune a tsakiyar sana'ar. Duk sanda aka fito da sabon samfuri, tare da idon da ake haɗo shi da shi a kwali ɗaya, sai ka-ce-na-ce ta tashi, tun daga Japan har zuwa shagunan hoto na Zango da bakin Kasuwar Dole.

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ce ta masu sana'a, ba ruwan malamin makaranta da ita. Ni kuwa ina ganin da ruwanmu, domin a ƙarƙashin gardamar batir da farashi akwai tambayoyi biyu da suka shafi tarbiyya. Idan na'ura ce ke fassara wa mutum abin da yake gani, wa ke da alhakin gaskiyar hoton? Idan kuma ta iya ɗauka ba tare da kowa ya ji motsinta ba, wane haƙƙi ya rage ga wanda aka ɗauka?

Abin da aka cire daga cikin akwati

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da ƴar ɓula a bango. Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shigo ido. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya, a birnin Paris, hanyar Daguerre ta kama wannan haske a tsayar da shi a kan faranti.

Kyamarar da muka saba gani a wuyan masu hoton biki, wadda Faransawa ke kira reflex, tana da madubi a karkace a bayan idonta. Haske ya shigo, madubin ya tura shi sama, wani gilashi mai kusurwoyi ya juya shi ya miƙo shi ga idon mai ɗauka. Wato hasken da ya taso daga fuskar amarya shi ne ainihin wanda ke shiga idon mai hoto, ba tare da wani ya taɓa shi a hanya ba. In ya latsa, madubin ya yi tsalle sama, ƙyaure ya buɗe ya rufe, madubin ya dawo. Wannan tsalle da dawowa su ne ƙarar nan da kowa ya sani. Akwai kuma wani abin lura a nan: a daidai ƙiftawar da ake ɗaukar hoton, mai ɗauka ba ya ganin kome, domin madubi ya tashi. Duk hoton da aka ɗauka da irin wannan na'ura, mai shi bai ga ainihin lokacin ba sai daga baya.

A sabuwar na'ura babu madubi. Haske na faɗawa kai tsaye a kan allon da ke karɓarsa, ƙaramar kwamfutar da ke ciki ta sarrafa shi, sa'an nan ta nuna wa mai ɗauka a wani ɗan talabijin da bai kai faɗin farce biyu ba, a cikin tagar leƙe. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, Sony ya kawo mai babban allo a 2013, Nikon da Canon suka bi sahu da nasu manyan a 2018. Tun daga 2020, marasa madubin da ake fitarwa daga masana'antun Japan sun zarce masu madubi yawa. Wasu daga cikinsu suna gane idon mutum su bi shi duk inda ya juya, suna ɗaukar hoto 20 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wasu ma suna ajiye abin da ya faru tun kafin a gama latsawa. Samfurin Z9 da Nikon ya fitar a 2021 ba shi da ƙyaure mai motsi ko kaɗan. Ƙarar da ake ji daga ƴar lasifika take fitowa, in an so a kunna, in an so a kashe.

Abin da masu sana'a ke cewa

Idan aka saurari masu hoto, za a tarar sun kasu gida uku. Na farko su ne masu murna. Suna cewa kayan sun yi sauƙin ɗauka, mutum na ganin yadda hoton zai fito tun kafin ya latsa, kuma ranar hawan salla, lokacin da dawakai ke sukuwa a ƙofar fada, na'ura na kama fuskar mahayi ba ta kuskure.

Na biyu masu ƙorafi ne, ƙorafinsu kuwa yana da tushe. Da Nikon da Canon suka fito da samfuransu na 2018, masu hoton aure a ƙasashe da yawa sun koka cewa gurbin katin ajiya ɗaya tak aka yi musu. In katin ya lalace, bikin mutane ya tafi ke nan, ba a kuwa sake ɗaurin aure don mai hoto. Sun koka da batir da ke saurin ƙarewa, tunda ɗan talabijin ɗin nan ba ya hutawa. A wurinmu waɗannan matsaloli sun ninka. Wanda zai kwana biyu a wani ƙauye na Mirriya ko Tanut yana aiki ya san darajar batir. Wanda ya taɓa canja idon kyamara a tsakiyar hunturu ya san abin da ƙura ke yi wa allon da ba abin da ya kare shi. Ga kuma tsada: kuɗin sabuwa da idonta sun fi abin da mai ƙaramin shago ke samu a watanni masu yawa, shi ya sa galibi ta hannu ake nema.

Shi kuma idon da ake haɗowa da ita, wanda ake ba mai saye kamar gyaran da mai awo ke ɗorawa a kan mudu, ya sha suka da yabo. Ƙwararru na cewa ba ya shan haske sosai, da magariba ta yi sai ya gaza. Masu farawa na cewa ya ishe su, tunda da shi kaɗai za su ɗauki taro duka, su kuma jawo fuskar mutum ɗaya daga nesa ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. A riƙe wannan magana ta jawo fuska daga nesa, za mu dawo gare ta.

Gida na uku su ne tsofaffin hannu, waɗanda suka koyi aiki a zamanin fim da wankin hoto a ɗaki mai jan fitila. Su ba batir ne ya dame su ba. Abin da suke faɗi shi ne: da can mu ke gani, yanzu na'ura ke gani ta ba mu labari. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta.

Gani ya kori ji?

Harsunan nan biyu da muke koyarwa suna da abin cewa a nan. A Faransanci, kalmar objectif na nufin idon kyamara, tana kuma nufin wanda ba ya son kai a hukunci. Kalmar réfléchir na nufin abin da madubi ke yi wa haske, tana kuma nufin yin tunani. A Hausa, madubi daga duba ya fito, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe: abin dubawa ke nan. Kamar dai harsunan biyu sun haɗa baki suna cewa gilashi ba ya ƙarya, kuma wanda ya cire madubi ya cire tunani.

Sai dai tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tsohuwar kyamarar katako mai ƙafa uku, wadda mai ita ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ba ta da madubi. Hoton ma a kife yake bayyana masa. Da irinta Seydou Keïta ya yi aiki a shagon da ya buɗe a Bamako a 1948, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Yana ajiye rediyo, agogo, alƙalami da babur don masu zuwa su ara su tsaya da su. Saurayin da ya dafa babur ɗin da ba nasa ba, ƙarya ya yi? Hoton bai faɗi gaskiyar aljihunsa ba, amma ya faɗi gaskiyar burinsa, kuma shi da mai hoto da duk wanda zai kalla a unguwa sun san ƙa'idar wasan. Haka abin yake a shagunanmu, inda ake tsayawa gaban labule mai zanen bene ko lambu.

Ashe ke nan hoto bai taɓa zama tsagwaron gaskiya ba, ko da madubi ko babu. Mai ɗauka ne ke zaɓen inda zai tsaya, abin da zai shigar da abin da zai bari a waje. Wanda ya ɗauki ƙofar fadar Damagaram ya bar kwatar da ke bayan unguwa ya yi zaɓi. Wanda ya ɗauki kwatar ya bar fadar shi ma ya yi zaɓi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin hoto ji ne da ya sa rigar gani: wani ne ya je ya gano, ya dawo yana ba ka labari. Saboda haka sharuɗɗan da muke gindaya wa mai ba da labari, su ne ya kamata mu gindaya wa mai hoto. Wane ne shi? Ya halarci wurin? An san shi da gaskiya?

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne yawan hannayen da ke tsakanin abu da hotonsa, da kuma ɓoyuwarsu. Wayar salula, wadda ita ce kyamara marar madubi da ta fi kowace yawa a hannun ɗalibanmu, tana haɗa hotuna da dama ta fitar da ɗaya, ta goge tabo, sau da yawa ta ƙara wa fata haske ba tare da an roƙe ta ba. Yarinyar da ta saba ganin kanta a haka, ranar da ta kalli madubin ɗakin uwarta sai ta ga kamar shi ne ke mata ƙarya. A 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar hoto ta duniya da Sony ke ɗaukar nauyi, sa'an nan ya ƙi karɓa, domin hoton nasa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi, kuma yana so a tattauna batun. A shekarar ce kamfanin Leica ya fito da kyamarar da ke sa wa kowane hoto hatimin da ke nuna asalinsa. Hatimi na da amfani, amma iyakarsa ya shaida cewa haske ya shiga na'ura kaza a rana kaza. Ba zai faɗi abin da aka bari a wajen hoton ba. Alhakin yana nan inda yake tun farko, a wuyan mutum. Tsofaffin hannu sun yi daidai da suka ji tsoro, amma amanar da suke tsoron ɓacewarta a ƙirjinsu take zaune tun can, madubin aro ne kawai.

Damagaram a idon baƙo

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma garinmu na da tarihi a kanta. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, alƙalami da takarda ne kayan aikinsa. Sarki Tanimun, wanda ya faɗaɗa ganuwar birni ya kuma sa aka ƙera igwa a garin nan, ya rasu a 1884, kuma abin da ya fi riƙe mana kamanninsa shi ne bakin maroƙa da masu tarihi. Kyamara ta iso ne a cikin kayan mayaƙa. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu 1898. Aka yi yaƙin Tirmini a Yuli 1899, inda rundunar Sarki Amadu Kuren Daga ta sha kashi. A Nuwamba na shekarar ayarin Foureau da Lamy ya iso daga hamada, kuma littafin tafiyar da Foureau ya buga a 1902 yana ɗauke da hotunan abin da ayarin ya gani. Bayansu ayarin Tilho, mai shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya ratsa ƙasar. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, hotunan ganuwarta da kasuwarta suka yi ta tafiya Turai a kan katunan wasiƙa.

Waɗannan hotuna taska ce, ba mai musun haka. Da su muke ganin ƙofofin da suka rushe da tufafin da aka daina sawa. Amma duk wanda ya ƙura wa irin katunan nan na zamanin mulkin mallaka ido zai lura da abu ɗaya: a ƙarƙashin hoton, sau da yawa ba a rubuta sunan mutum. Ana rubuta jinsinsa ne ko sana'arsa, kamar yadda ake yi wa tsiro ko tsuntsu. Mutumin yana da suna, yana da uwa da uba, wataƙila jikokinsa na nan Birni har gobe, amma an ɗauke fuskarsa an bar sunansa. Ba banza ba Hausa ta ce ɗaukar hoto, Faransanci ma ya ce prendre. Abin da aka ɗauka kuwa, ko dai an ba ka shi, ko ka ara, ko ka sata.

Da kyamara ta dawo hannun ƴan ƙasa, ma'amalar ta sauya. Malick Sidibé a Bamako, wanda aka ba babbar lambar girma ta baje kolin Venise a 2007, da Philippe Koudjina wanda ya ɗauki rayuwar Yamai a shekarun 1960 da 1970, gayyatar su ake yi, ko a zo wurinsu. Mutum ya yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya zaɓi yadda zai tsaya, ya biya, ya karɓi abinsa ya kai gida. Hoton nasa ne. Wannan ita ce al'adar da masu shagunanmu suka gada, kuma ita ce nake tsoron kada ta salwanta.

Zaure da sallama

Magabatanmu sun yi tunani a kan ido tun kafin a ƙera kyamara, kuma sun rubuta tunanin nasu da laka. A dubi gidajen Birni. Fuskar gida an yi mata ado da zane don mai wucewa ya kalla ya more. Daga nan sai zaure, wanda aka tsara ƙofofinsa yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Baƙo ya tsaya ya yi sallama, a amsa, a ba shi izini ko a fito a same shi. Gida ɗaya ya raba abin da aka ba ido kyauta da abin da sai an nemi izini. Ita ma fuskar mutum haka take: tana da ƙofar gida, tana da tsakar gida. Fuskar da dattijo ke fita da ita masallaci daban take da wadda yake da ita sa'ad da aka gaya masa rasuwar ɗansa.

Ƙarar tsohuwar kyamara ba sallama ba ce cikakkiya, tunda bayan an ɗauka ake jin ta. Duk da haka tana sanarwa. Wanda ya ji ta zai iya juyowa, ya gyara mayafi, ya ɗaga hannu ya ce a'a, ko ya nemi a goge. Girman na'urar ma sanarwa ne, domin ba a ɓoye ta a aljihu. Yanzu an sami na'ura ƙarama, shiru, mai gane ido da kanta, ga kuma ido mai jawo na nesa. Wanda ke riƙe da ita zai iya tsallake zauren mutum ya shiga tsakar gidan fuskarsa daga ƙetaren titi, mai fuskar bai sani ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji masu iya magana. Wannan na'ura kuwa ta sa mai hange yana jin kamar ya shiga, alhali bai gaisa da kowa ba. A Japan da Koriya ta Kudu, wayoyin da ake sayarwa suna yin ƙara in an ɗauki hoto, kuma ba a kashe ta cikin sauƙi, saboda a kare mutane daga masu ɗauka a ɓoye. Ƙasashen da ke ƙera kayan sun gane cewa shirun na'ura na iya zama makami.

Wa ya fi shan wahalar wannan? Wanda ba shi da zaure. Mai hali yana da katanga da mai gadi. Almajirin da ke barci a gindin bango, matar da ke layin awon yara a asibiti, mai taɓin hankali a bakin kasuwa, ɗalibar da ta faɗi a filin wasa: su ne ake ɗauka a watsa a WhatsApp da Facebook kafin la'asar. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum tun 2017, amma kafin doka ta iso, hoton ya riga ya zaga gari. Abin da ke iya riga hoto gudu shi ne kunyar mai ɗauka.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu cewa wannan ra'ayi ya yi tsauri. Suna da hujja biyu. Ta farko, shirun na'ura ladabi ne a wurare da yawa: a wajen ɗaurin aure, a zauren karatu, a gaban sarki, ƙarar kyamara katsalandan ce. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna cewa shirun kansa ba laifi ba ne. Wanda aka gayyata ya yi aikinsa shiru ya kyauta, tunda ya riga ya yi sallama a ƙofa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Akwai gaskiyar da ba za ta fito ba in sai an nemi izini. A 2005, lokacin da ƙarancin abinci ya tsananta a jihohin Maraɗi da Damagaram, hukumomin lokacin sun ƙi amincewa a kira abin yunwa. Hotunan yara ramammu a cibiyoyin jinya, da gidajen talabijin na duniya suka nuna, suna cikin abin da ya zaburar da taimako. Wa zai ce da ba a ɗauka ba ya fi? Amma a tuna cewa yaran nan da suka rayu yanzu sun zama samari da ƴan mata, wasu da iyalinsu, kuma hotunansu a mafi munin ranar rayuwarsu suna nan a intanet. Hoton ya ceci rai, ya kuma bar bashi. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai hoto na kirki shi ne wanda ke jin nauyin duka biyun.

Daga nan nake ganin za a iya fitar da ma'auni. Gwargwadon ƙarfin mutum da riƙonsa da al'amarin jama'a, gwargwadon raguwar haƙƙinsa na ɓuya: mai mulki a bakin aikinsa, ko mai zalunci a tsakiyar zaluncinsa, ba a jiran izininsa. Gwargwadon raunin mutum kuma, gwargwadon ƙaruwar haƙƙinsa na a tambaye shi. Abin takaici, sau da yawa akasin haka muke yi: mu sunkuyar da kyamara a gaban mai ƙarfi, mu ɗaga ta a kan marar gata.

Ƴar garin nan, Aïcha Macky, ta nuna cewa akwai hanya ta uku a fim ɗinta mai suna Zinder, na 2021, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara tare da samarin da gari ke tsoro. Ana iya saɓawa a kan fim ɗin, an kuma saɓa. Amma duk wanda ya kalla zai ga mutanen sun san ana ɗaukar su, suna magana da bakinsu, suna faɗin abin da ba a faɗa wa baƙo. Irin wannan ba ido mai jawo na nesa ke samar da shi ba, sai zama da mutane har su yarda da kai.

Abin da ya rage gare mu

Mu malamai muna koya wa yara fassara nassi: wa ya rubuta, don wa, me ya faɗa, me ya ɓoye. Lokaci ya yi da za mu riƙa ajiye hoto a kan allo mu yi masa tambayoyin nan. A kawo tsohon katin wasiƙa na Zinder a ajiye kusa da hoton shago na shekarun 1970, a tambayi ɗalibai: a wanne ne mutumin ya zaɓi tsayuwarsa? A ina mai ɗauka ya tsaya? Me ke bayan bangon da ba a nuna ba? Darasi ɗaya irin wannan zai yi aiki a ajin Hausa, ya yi a ajin Faransanci.

Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aiki na gaggawa. A cikin akwatunan tsofaffin masu shago da adakar iyayenmu mata akwai hotuna da finafinan da zafi da gara ke ci. A tattara su da yardar masu su, a kwafe, a zauna da dattawa tun suna raye su faɗi sunayen waɗanda ke ciki. Mayar wa fuska sunanta shi ne gyaran ɓarnar da katunan wasiƙa suka yi. Masu shirya hawan salla da wasan kara da kokowa su ma za su iya zama da masu hoto a yarda a kan ƴan ƙa'idoji: ba a ɗaukar yaro sai da sanin nasa, ba a watsa hoton wanda ya faɗi ko ya ji rauni don dariya, wanda ya ce a goge a goge.

Ga matashin da ya tara kuɗi ya sayi sabuwar na'ura da idonta na gyara, ba na cewa ya mayar. Zamani riga ne, kuma kayan suna da kyau. Shawarata ita ce ya riƙa tafiya da ƙafarsa zuwa inda idon zai iya kai shi ba tafiya, ya gaisa, ya faɗi sunansa da abin da zai yi da hoton, in ya ɗauka ya juya allon ya nuna wa mai fuskar. Wannan na ƙarshe ma wata kyauta ce da sabon zamani ya kawo wadda Keïta bai samu ba: a da sai an jira wanki, yau nan take mutum zai ga kansa ya ce na yarda ko ban yarda ba. Injiniyoyin Japan sun cire madubi don na'ura ta yi sauƙi ta yi sauri, sun kuwa yi nasara. Sallama ba su ne suka sa ta ba, saboda haka ba su da ikon cire ta. In ta ɓace daga sana'ar hoto a Damagaram, mu ne muka yar da ita. Allah ya sa mu gane, ya kuma rufa mana asiri.